Kalsiyam da ƙofofin ayon a jikin ƙwayoyin maleriya, sammore da danginsu: tambayoyi da amsoshi

Ƙwayar maleriya ba ta da ƙwaƙwalwa, ba ta da jijiya, balle ido ko kunne. Amma ta san lokacin da za ta fasa ƙwayar jini ta fito, ta san sa'ar da ta baro jikin mutum ta faɗa cikin sauro, kuma ba kasafai take saɓa lokaci ba. Galibi abin da ke sanar da ita shi ne ɗan ƙaruwar sinadarin kalsiyam a cikinta na ɗan taƙaitaccen lokaci. Ga amsoshin tambayoyin da ɗaliban kimiyya da ma'aikatan ɗakin gwaji da masu kiwo kan yi a kan batun.

Waɗanne ƙwayoyin cuta ake magana a kansu?

Halittu ne da duk jikinsu sel ɗaya ne tak, wato ƙwayar halitta guda, kuma rayuwarsu ta dogara ga jikin wani. Ba bakteriya ba ne, ba kuma bairos ba. Tsarin cikinsu ya fi kusa da namu, shi ya sa samo musu magani ke da wuya, don abin da zai kashe su yakan taɓa mai ɗauke da su.

Gida biyu suka fi damun mu. Gida na farko shi ne Apicomplexa. A cikinsa akwai Plasmodium mai jawo zazzaɓin cizon sauro, da Toxoplasma da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, da Cryptosporidium mai sa ƙananan yara gudawa, da Eimeria mai sa kaji kashin jini. Gida na biyu na masu bulala ne, wato ɗan zaren da suke kaɗawa su yi iyo: Trypanosoma brucei da ƙudan tsando ke yaɗawa, da 'yan'uwansa masu sa wa shanu sammore, da Trypanosoma cruzi na Kudancin Amurka wanda Carlos Chagas ya gano a Brazil a 1909, da Leishmania mai jawo kala-azar, cutar da mutanen Gadarif a Sudan suka sani sarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263, mutum kusan 597,000 suka rasu, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwar a Najeriya suke.

Mene ne ayon, mece ce kuma ƙofar ayon?

Ayon ƙwayar zarra ce mai ɗauke da cajin lantarki. In ka zuba gishiri a ruwa, yakan rabu gida biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne da cajinsa. Haka fotasiyam da kalsiyam suke yawo a jini. Kowane sel yana lulluɓe da tantani na maiƙo, kuma abu mai caji ba ya ratsa maiƙo. Don haka sai ta wasu furotin da ke dashe a jikin tantanin, kuma iri biyu ne.

Ka ɗauki madatsar ruwa ta Tiga. Ruwa ya taru a sama, gonakin Kadawa suna ƙasa. Da an ɗaga ƙofa, ruwa zai gangaro da kansa, ba a ƙona ko digon fetur. Amma mai son mayar da ruwa sama sai ya tayar da famfo ya sha mai. Ƙofar ayon irin ta farko ce: in ta buɗe, miliyoyin ayon kan wuce a sakan ɗaya, daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci. Famfon ayon kuwa yana tura su akasin haka, a hankali, yana cin makamashin sel. Kowace ƙofa da abin da take bari ya wuce da abin da ke buɗe ta: wata canjin lantarki, wata wani sinadari, wata kuma taɓi ko miƙewar tantani.

Me ya sa kalsiyam ne ɗan saƙo, ba sodiyam ba?

Saboda ƙarancinsa a cikin sel. Kalsiyam da ke cikin jini ya ninka wanda ke yawo a cikin sel mai hutawa sau dubu 10 ko fiye. Dole ce ta sa sel yake korar shi, domin in ya yi yawa yakan haɗu da fosfet su daskare, fosfet kuwa shi ne ƙashin bayan makamashin sel da DNA ɗinsa. To tunda a ciki kusan babu shi, ɗan kaɗan in ya shigo nan take za a ji. Ƙofa ta buɗe, adadinsa ya ninka sau goma cikin ƙiftawar ido, furotin masu kama shi su sauya siffa su tayar da aiki, famfo ya kwashe shi, komai ya koma yadda yake.

An fara farga da muhimmancinsa ne bisa tsautsayi. A 1883 Sydney Ringer a Landan ya lura zuciyar kwaɗo tana ci gaba da bugawa a ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan famfo, amma ta tsaya in an haɗa da tataccen ruwa. Bambancin kalsiyam ne. Ruwan Ringer da ake ɗaura wa marasa lafiya a asibiti sunansa ya ci.

Ke nan shan madara ko ƙwayar kalsiyam yana ƙara wa maleriya ƙarfi?

A'a. Jiki yana riƙe da adadin kalsiyam na jini a tsaye, ko ka sha nono ko ba ka sha ba, kuma ƙwayar cutar da nata ma'ajin take aiki. Mai juna biyu da aka rubuta wa kalsiyam a wurin awo ta ci gaba da shan abinta.

Halittar da ba ta da jijiya, ya za a ce tana jin abu?

Amsa mafi kyau ta fito ne daga wata halittar kududdufi da ba ta cutar da kowa, Paramecium, wadda dangin nesa ce ga Plasmodium. A 1969 Yutaka Naitoh da Roger Eckert suka soka mata siririyar allurar auna lantarki. In ta yi karo da abu ta gaba, ƙofofin kalsiyam su buɗe, gashin da take iyo da shi ya juya, ta ja da baya. In ta baya aka taɓa ta, ƙofofin fotasiyam ne ke buɗewa, sai ta ƙara gudu gaba. Sel ɗaya, amma yana yin abin da jijiya ke yi. Jijiyoyinmu ba su ƙirƙiro wannan dabara ba, tarar da ita suka yi.

A ina kalsiyam ke shiga cikin rayuwar ƙwayar maleriya?

Kusan a duk wata mahaɗa da za ta bar wani wuri ta shiga wani.

Mu fara da jini. Plasmodium falciparum takan shiga jar ƙwayar jini ta yi kusan sa'a 48 tana ci tana girma, ta rabu zuwa 'ya'ya 16 zuwa 32. Fitowarsu tare, a miliyoyin ƙwayoyin jini lokaci guda, ita ke kawo rawar sanyi da zafin jikin nan. Fitowar ba fashewa ce ta cikar ciki ba, umarni ake bayarwa. Wani inzayim, wato furotin mai tafiyar da wani aiki a cikin sel, mai suna PKG ne ke farkawa, ya sa a saki kalsiyam daga ma'aji, kalsiyam ya sa wasu ƙananan jakunkuna su zubo da abin da zai yayyaga tantanin da ke kewaye da su. A 2010 Jeffrey Dvorin da abokan aikinsa a Harvard suka hana ƙwayar yin wani furotin mai karɓar saƙon kalsiyam, CDPK5. 'Ya'yan suka kammala girma tsaf, amma suka maƙale a ciki. Da aka fasa musu ƙwayar jinin da ƙarfi, sai suka fito suka shiga sababbin ƙwayoyin jini lafiya lau. Ashe ba abin da suka rasa sai mai ce musu lokaci ya yi.

Shiga sabuwar ƙwayar jini ma haka ne. Ɗan da ya fito yana da jakunkuna a tsininsa cike da furotin masu manne wa, kuma kalsiyam ke sa ya fito da su. Duk shigar ba ta cika wuce minti ɗaya ko biyu ba.

Amma inda abin ya fi ban mamaki shi ne cikin sauro. Wasu daga cikin ƙwayoyin ba sa rabuwa, sukan zama maza da mata, waɗannan masu siffar jinjirin wata da ma'aikacin ɗakin gwaji kan gani jefi-jefi a gilashi. Suna iya kwanaki suna yawo a jini ba sa komai. Da sauro ya zuƙe su, abu biyu ke faruwa: zafi ya sauka da digiri 5 ko fiye, sannan su haɗu da wani sinadari na jikin sauro, asid ɗin zanturenik, wanda Oliver Billker da abokansa a Landan suka tabbatar a 1998. Cikin kamar sakan 10 kalsiyam ya tashi. Namijin ya kwafi DNA ɗinsa sau uku a jere cikin kusan minti 8, ya ƙera bulala takwas, kafin minti 15 sun ɓalle suna neman mace. Sel ɗin mutum sa'o'i yake ɗauka kafin ya kwafi nasa sau ɗaya. A 2004 Billker ya nuna cewa in aka cire CDPK4, namijin ba ya motsawa daga inda yake, sauro kuma ba ya ɗaukar cutar.

Wannan rawar bulala ita ce Alphonse Laveran ya gani a watan Nuwamban 1880 a Constantine ta Aljeriya, a jinin wani soja da ya huce a kan gilashi. Ganin abu yana motsi ne ya tabbatar masa cewa halitta ce mai rai. Ya ga aikin kalsiyam shekara uku kafin Ringer ya yi gwajin kwaɗonsa.

Wa ke karɓar saƙon a cikin ƙwayar?

Mafi shahara su ne waɗannan CDPK ɗin. Inzayim ne masu wurin kama kalsiyam a jikinsu. Da sun kama sai su buɗe su fara liƙa fosfet a kan wasu furotin. P. falciparum tana da 7, Toxoplasma tana da 14. A tsirrai aka fara sanin su, kuma mutum da dabbobi ba su da ko ɗaya. Nan ne masu neman magani suka kafa ido.

Sun kuma yi sa'a. A CDPK1 na Toxoplasma da na Cryptosporidium akwai wani ɗan gurbi kusa da inda makamashi ke shiga, wanda a kusan duk makamantan inzayim ɗin namu a toshe yake. Sai masana a Jami'ar Washington da ke Seattle suka ƙera sinadarai masu ɗan ƙullutu da zai zauna a gurbin, ya ƙi shiga namu. Sun yi aiki a ɓeraye da 'yan maruƙa masu gudawa. Cikas ɗin da aka samu shi ma na ƙofar ayon ne: wasu daga cikin na farko-farkon suna toshe wata ƙofar fotasiyam ta zuciyar mutum mai suna hERG, abin da kan rikita bugun zuciya. Masu shekaru za su tuna Halfan, maganin maleriyar da ya yi tashe sannan aka ja baya da shi. Wannan ƙofar ce ta kayar da shi.

Daga ina kalsiyam ɗin ke fitowa, ta wace ƙofa?

Nan gizo ke saƙar. A sel ɗinmu an san hanyar: wani ɗan sinadari, IP3, yakan je ya buɗe ƙofarsa a jikin babban ma'ajin kalsiyam da ake taƙaita sunansa da ER. Plasmodium da Toxoplasma suna yin IP3, suna da ER, kuma gwaje-gwaje sun nuna kalsiyam na fitowa daga ma'aji. Amma da aka kammala karanta kundin gadon P. falciparum a 2002, mai ƙwayoyin gado sama da 5,000, aka duba sama da ƙasa, ba a ga mai kama da ƙofar IP3 tamu ba. Ko dai ta sauya kama har kwamfuta ba ta gane ta, ko kuma wata aba ce daban ke aikin.

An samu 'yan alamu. A 2021 ɗakin binciken Mathieu Brochet a Geneva ya ba da rahoton wani furotin, ICM1, da ke manne da PKG, wanda in babu shi kalsiyam ba ya tashi, ko a jini ko a sauro. A shekarar ce kuma ɗakin Silvia Moreno a Jami'ar Georgia ya bayyana wata ƙofa a Toxoplasma mai suna TRPPL-2. A ganina wannan giɓi shi ne abu mafi daraja a fagen. Ƙofar da ta sha bamban da tamu har aka kasa gane ta, ita ce wadda za a iya toshewa ba tare da an taɓa zuciyar majiyyaci ba.

Me ya sa kullum ake ambaton Toxoplasma, alhali maleriya ce damuwarmu?

Don ta fi sauƙin sarrafawa. Tana girma a kusan kowane irin sel a kwano, ta fi girma, kuma sauya mata gado ba wuya. Ka ɗiga mata sinadarin da ke shigar da kalsiyam, cikin minti ɗaya ko biyu ka ga ƙwayoyin da ke kwance sun fara murɗawa, sun keta sel ɗin sun watse. Abin da aka koya a kanta sau da yawa yakan yi daidai da Plasmodium, ko da yake ba kullum ba. Ita kanta ba abar rainawa ba ce ga mai ciki da mai raunin garkuwar jiki.

Ƙwayoyin sammore da ciwon barci fa?

Nasu tsarin daban ne, kuma sun koya wa kimiyya abubuwa game da jikin mutum kansa. A 1994 Aníbal Vercesi da Silvia Moreno da Roberto Docampo suka bayyana wasu ƙananan jakunkuna masu tsami a cikin T. brucei, cike da kalsiyam da dogayen sarƙoƙin fosfet, suka sa musu suna asidokalsisom. Waɗannan ƙwayoyin suna da ƙofar IP3, amma a 2013 aka gano cewa a T. brucei a jikin waɗannan jakunkuna take, ba a ER ba. Bayan gano jakunkunan ne aka fahimci cewa ƙwayoyin da ke daskarar da jininmu in mun ji rauni suna da irin jakunkunan, kuma fosfet ɗin ciki yana taimaka wa daskarewar.

Na biyu ya fi daɗi. Tun shekarun 1960 aka san maitokondiriya, wato tashar makamashin sel, tana zuƙar kalsiyam, amma aka yi kusan shekara 50 ba a san ta wace ƙofa ba. A 1989 Docampo da Vercesi sun nuna T. cruzi ma tana yin haka, an kuma san yis na burodi ba ya yi. Sai masana suka tambayi kwamfuta: wane furotin ne mutum yake da shi, Trypanosoma take da shi, yis ba shi da shi? Da wannan tacewa aka kai ga ƙofar, wadda ɗakin Vamsi Mootha a Boston da na Rosario Rizzuto a Padua suka bayyana a 2011.

T. cruzi kuwa da kalsiyam ɗin mai gida take amfani. Norma Andrews ta nuna cewa ƙwayar takan sa kalsiyam ya tashi a sel ɗin mutum, sel ɗin ya turo jakunkunansa bakin tantani, ita kuma ta bi ta nan ta shige. Bin wannan sawu ne ya bayyana cewa da wannan hanyar sel ɗinmu ke like tantaninsa in ya yage.

Me ya sa sammoren shanu ba ya kama makiyayi, alhali ƙuda ɗaya ke cizon su?

Saboda jinin mutum yana ɗauke da makami wanda shi kansa ƙofar ayon ce. Sunansa APOL1, kuma ɗakin Etienne Pays a Brussels ne ya gano aikinsa a 2003. Ƙwayar takan haɗiye shi, shi kuma ya dasa kansa a tantaninta ya zama kafa, ayon su kwararo, ruwa ya biyo, ta kumbura ta fashe. Saniya ba ta da shi. Iri biyu ne kawai na T. brucei suka samo kariya daga gare shi, gambiense na Yammaci da Tsakiyar Afirka da rhodesiense na Gabas, kuma su ne masu jawo ciwon barci, cutar da ta sa a ƙarshen shekarun 1930 aka tashi mutanen yankin Anchau aka gina musu Takalafiya. Cibiyar binciken cutar tana nan a Kaduna har yau.

Makamin yana da kaifi biyu. A 2010 aka gano wasu nau'o'in APOL1 guda biyu, G1 da G2, da suka yawaita a Yammacin Afirka, musamman kudancin Najeriya da Ghana. Suna ba da ƙarin kariya daga ƙwayar, amma wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, haɗarin ciwon ƙodarsa ya fi na sauran mutane.

Akwai wata kafar kuma, ta ruwa da gilisarol, AQP2, a jikin ƙwayar. Ta nan tsofaffin magungunan ciwon barci biyu, pentamidine da melarsoprol, ke shiga, kuma a 2012 aka nuna cewa ƙwayar da ta rasa kafar takan bijire wa duka biyun. Melarsoprol, mai ɗauke da gubar asanik, yakan kashe kusan mutum 1 cikin 20 da aka yi wa allurarsa. Alhamdu lillahi yanzu akwai fexinidazole na haɗiya, kuma Ghana a 2023 da Chadi a 2024 sun samu shaidar kawar da cutar a matsayin barazana ga jama'a.

Ta yaya ake ganin abin da ke faruwa a cikin abu ƙanƙane haka?

Da haske. A 1985 Roger Tsien ya fito da rinin fura-2, wanda haskensa ke sauyawa in ya kama kalsiyam. Yanzu an fi dasa wa ƙwayar gadon wani furotin, GCaMP, ta riƙa ƙera shi da kanta. A ɗaki mai duhu, ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga ƙwayar dishi-dishi, sai ta yi wal da koren haske, nan take ta fara motsi.

Ita kanta ƙofar da lantarki ake jin ta. Erwin Neher da Bert Sakmann a Jamus suka ƙirƙiro dabarar a 1976: a manna bakin siririn bututun gilashi a jikin tantani, a auna wutar da ke bi ta ƙofa guda. Sun ci kyautar Nobel a 1991. Matsalar ita ce ɗan Plasmodium da ya fito bai fi maikuron ɗaya da rabi ba (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda ke ciki kuma tantani biyu ne ke kāre shi kafin a kai ga nasa. Wannan na daga cikin dalilan da aka fi sanin masu karɓar saƙo a kan ƙofofin.

Gaskiya ne ƙwayar maleriya tana huda ƙofa a jikin ƙwayar jininmu?

Gaskiya ne. Tana cin himogulobin, jan furotin ɗin da ya cika jar ƙwayar jini, amma himogulobin ɗin babban mutum ba shi da wani tubalin furotin da ake kira aisolusin, sannan tana buƙatar bitamin B5. Dole su shigo daga waje. Bayan kamar sa'a 15 zuwa 20 da shigarta, tantanin ƙwayar jinin yakan fara barin abubuwan da da ba ya bari. A 2000 Sanjay Desai a Amurka ya auna wutar kafar, a 2011 ɗakinsa ya danganta ta da wani gadon ƙwayar mai suna clag3. An daɗe ana jayayya, wasu masana a Faransa da Jamus suna cewa ƙofofin mai gida ne da ke barci ƙwayar ke tasa. Yau hujja ta fi karkata ga cewa furotin ɗin ƙwayar na da hannu dumu-dumu.

Masu rainon maleriya a kwano suna cin moriyar kafar tun 1979. In suna son ƙwayoyinsu su zama sa'o'in juna, sai su zuba ruwan sobitol na kashi 5 cikin ɗari. Ƙwayoyin jinin da manya ke ciki su sha su fashe, masu ɗauke da ƙanana su tsira.

Akwai maganin maleriya da ke aiki ta wannan hanya?

Akwai mai zuwa, kuma labarinsa ya biyo ta kan kafar da aka ambata yanzu. Da ta buɗe, sodiyam yakan cika ƙwayar jinin, don haka dole Plasmodium ta riƙa fitar da wanda ya shigo mata. Famfon da ke wannan aiki shi ne PfATP4. Da farko an ɗauka famfon kalsiyam ne, sai a 2013 ɗakin Kiaran Kirk a Canberra ya nuna na sodiyam ne. Cipargamin na kamfanin Novartis shi yake toshewa, ƙwayar ta cika da gishiri ta kumbura. A gwajin Thailand na 2014 ya share jinin majiyyata cikin kusan sa'a 12. Amma a gwajin da aka yi a Afirka, har da Ghana da Mali, an ga ƙwayoyi masu sauyi ɗaya tak a famfon sun dawo, don haka ba za a ba da shi shi kaɗai ba.

Akwai kuma darasi a kan atemisinin, ginshiƙin Coartem da sauran magungunan da muke sha yau. A 2003 wani rahoto a mujallar Nature ya ce famfon kalsiyam PfATP6 yake toshewa. Maganar ta shiga littattafai, har yanzu ana samun ɗalibai suna rubuta ta a jarrabawa. Binciken baya bai tabbatar da ita ba. A 2014 aka gano cewa bijirewar da aka gani a Kambodiya daga gadon kelch13 take, kuma an ga irin sauyin a Ruwanda da Uganda da Eritiriya.

A tsutsotsi, waɗanda ba sel ɗaya ba ne, ƙofofin ayon sun riga sun biya kuɗin sabulu. Ivermectin ƙofar kuloraid yake buɗewa ya shanye tsutsa, kuma ya taimaki Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da makantar kogi a 2025. Praziquantel na tsargiya kuwa an yi shekara 40 ana ba yara kafin a 2019 a gano cewa wata ƙofa mai shigar da kalsiyam yake buɗewa.

Malam, mahaifiyata tana shan amlodipine na hawan jini, an ce ƙofar kalsiyam yake toshewa. Zai kare ta daga maleriya?

Ba zai kare ta ba, ɗan'uwa. Ƙofar da yake toshewa ta jijiyoyin jinin mutum ce. Hajiya ta kwana a gidan sauro, in zazzaɓi ya zo a yi gwaji.

Amma tambayar tana da tarihi. A 1987 Samuel Martin da Ayoade Oduola, masanin Najeriya, da Wilbur Milhous suka nuna a mujallar Science cewa verapamil, wani maganin na wannan aji, yana dawo wa kulorokwin da ƙarfinsa a kan ƙwayoyin da suka bijire masa. Sai a 2000 aka gane dalili, kuma ba ruwan kalsiyam: ƙwayar tana da wani furotin, PfCRT, da ke fitar da kulorokwin daga cikinta, verapamil shi yake tarewa. Adadin da ake buƙata ya fi ƙarfin zuciyar mutum. A Ibadan an gwada haɗa kulorokwin da Piriton, wanda dama mutane ke sha saboda ƙaiƙayin nan da kulorokwin ke sawa, aka ga yana ɗan yin irin aikin. Bai hana Najeriya sauya magani a 2005 ba.

Sikila tana da alaƙa da wannan?

Tana da ita. Jar ƙwayar jini tana da ƙofar fotasiyam da kalsiyam ke buɗewa, wadda György Gárdos ɗan Hungary ya gano aikinta a 1958. A mai sikila, in ƙwayar ta lanƙwashe kalsiyam yakan shiga, ƙofar ta buɗe, fotasiyam da ruwa su fice, ƙwayar ta bushe ta ƙara tauri. Akwai kuma PIEZO1, ƙofar da matsi ke buɗewa. A 2018 ɗakin Ardem Patapoutian ya ba da rahoton wani nau'inta a kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan asalin Afirka, tare da hasashen yana rage tsananin maleriya. Binciken Gabon ya goyi bayan haka, na Ghana bai gani ba. Ni dai ba zan gina komai a kansa ba tukuna.

Ni mai kiwon kaji ne. Ina ruwana da duk wannan?

Kai ne ma ka fi kowa amfani da shi, ko da ba ka sani ba. Duba takardar da ke jikin buhun abincin kajin nama, sau da yawa za ka ga monensin ko salinomycin. Ba ƙofa suke toshewa ba, su da kansu suke zama 'yan dako: su rungumi sodiyam ko fotasiyam su ratsa tantani da shi. Ƙwayar Eimeria da ta fito fili a hanjin kaza sai ta cika da sodiyam, ta ƙarar da makamashinta wajen fitar da shi, ta kumbura ta mutu. Tun 1971 ake amfani da monensin a Amurka.

Sai dai ɗan dakon bai san na gida ba. A naman zuciya, yawan sodiyam yakan jawo kalsiyam ya taru har tsokar ta lalace. Kaza tana jure adadin da ke cikin abincinta, amma doki ɗan kaɗan ke kashe shi, don haka kada ragowar abincin kaji ta kusanci bargar doki, kada kuma a auna masa dusa da kwanon da aka auna wa kaji. Salinomycin yana kashe talotalo. In kuma likitan dabbobi zai rubuta tiamulin saboda murar kaji, gaya masa abin da ke cikin abincinsu, domin haɗuwar biyun tana hana hanta sarrafa monensin, sai ka wayi gari kaji sun kwanta ƙafafu a miƙe.